Kailani a Sadakar Ukunsa

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo wai na kashe Kailani ban tausaya wa Bahijja ba, ku adana hawayenku, za su yi muku rana. Hajiyar da ta rantse ta daina karantawa, na san kina nan kina leƙe.

Sababbin shigowa kuma, ga inda muka kwana. Kailani mai kula da ɗakin karatu ne a wata sakandare a Lokoja, mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba. Ya ɗauki hutun sati biyu, ya tura matarsa Bahijja da 'yarsu Hanifa gidan mahaifiyarsa a Tudun Wadan Zariya, shi ya tsaya Kaduna gaida wani aboki. A bakin kogi ya ɗauki hoton kansa zai tura wa Hanifa, data ta ƙare, hoto bai tafi ba. Ashe a bayansa hoton ya kama wasu mutum uku suna cusa wani dattijo cikin mota, kuma sun gan shi ya ɗaga waya. Washegari rediyo ta yi cigiyar dattijon. A tasha Kailani ya rubuta sunansa a takardar fasinja, ya sa jakarsa a but ɗin mota, sai ya hango ɗaya daga cikin mutanen. Ya sulale ya bar jakar. Direba ya cike gurbinsa da wani, motar kuma ta kama da wuta kafin Jaji. Wannan na ƙarshen, shi Kailani bai sani ba.

*

Da hantsi motar kwandunan tumatir ta sauke shi a ƙarƙashin gadar Kwangila.

Kwana uku rabonsa da wanka. Kwana uku yana kwance a bukkar wata gona, waya a kashe, layin a cikin safa. Da ya ga yunwa za ta riga mutanen can kashe shi, ya ce gara ya mutu a ɗakin uwarsa. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Ya ja takunkumi ya rufe hanci da baki, ya danna hula har gira, ya shiga keke. Layi biyu kafin gidansu ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Yana shan kwana ya tsaya cak.

An kafa rumfa a ƙofar gidansu. Tabarmi tun daga bakin zaure har gindin dalbejiyar masallaci, takalma birjik, maza a zazzaune kowa ya sunkuyar da kai. Layin da ko da asuba ba a rasa hayaniyar 'yan acaɓa, yau babu mai tari.

Inna.

Abin da ya fara zuwa ransa ke nan. Ya dafa katangar da ke kusa.

"Bawan Allah."

Ya waiga. Malam Nagoda ne, tsohon da ke sayar da goro a bakin layin tun Kailani yana firamare. Yanar ido ta ci ƙarfin ganinsa, sai dai ya gane mutum da murya. Faranti ne a hannunsa, ya miƙo.

"Karɓi gumba. Sadakar uku ce. Ka yi wa mamacin addu'a."

Kailani ya shaƙe murya ya mai da ita ta mai mura.

"Baba, tsohuwar gidan ce ta rasu?"

"Hajo? Hajo na nan, sai dai a ce tana nan. Ɗanta ne. Babban."

"Wane... wane babban?"

"Kailani mana, na Lokoja. Hutu ya taho, ashe hutun na gaba ɗaya ne. Mota ta ƙone da su a hanyar Kaduna. Da takardar tasha aka gane shi, sai jakarsa da ta yi saura. Ni na bi shi har maƙabarta, da hannuna na zuba ƙasa."

Ya danƙa masa curin gumba a tafin hannu.

"Yaro mai gaisuwa. Ka ce Allah ya jiƙansa."

Bakin Kailani ya buɗe da kansa.

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Allah ya kyautata namu zuwan."

Tsohon ya wuce yana laluben hanya da sanda.

Kailani ya tsaya yana kallon gumbar. Fara ce, da ɗan danshi, da shatin yatsun wadda ta cura ta. Wani tunani ya zo masa wanda ya sa gashin jikinsa ya miƙe. Tun safe wa ya dube shi? Mai keke ya karɓi kuɗi bai waigo ba. Matar da suka zauna tare ta ɗora masa ledarta a cinya ba ta ce sannu ba. Yanzu ga mutum sama da hamsin a ƙofar gidansu, ya san rabinsu da suna, babu wanda ya ɗago. Ya tuna malaminsu na Islamiyya yana cewa mamaci na jin takun masu rakiyarsa idan sun juya.

Ya gatsi gumbar.

Akwai zaƙi, akwai yajin citta, cikinsa ya karɓa. To, da ransa. Jama'a, mutum ya tabbatar yana raye da gumbar sadakarsa, wannan wace irin rana ce?

Daga nesa ya hango ƙaninsa Zulkiflu a tsakiyar rumfa, ido jajur, yana karɓar gaisuwa. Zuciyarsa ta ce ya cire takunkumin ya ruga ya rungume shi. Har ya ɗaga ƙafa.

Sai ya ga na kusa da Zulkiflu.

Farar shadda, hula zanna, doguwar casbi a hannu. Shi ke matsa wa baƙi wuri, shi ke cewa a kawo ruwa, kai ka ce kawunsu ne. Wani ya yi masa magana ya yi ɗan murmushi, haƙorin Makka ya haska.

Wannan haƙorin yana cikin wayar da ke aljihun Kailani. Shi ne mai riƙe da ƙofar motar a bakin kogi.

Kailani ya ja da baya a hankali, ya faɗa lungu.

*

Ta bayan gidan akwai tsohon shagon ɗinkin marigayi babansu. Shekara tara a rufe, ƙofa ɗaya tana kallon lungu, ɗayar tana buɗewa cikin uwar ɗakin Inna. Makullin yana ramin da ke saman dokin ƙofa tun zamanin Baba. Ya zura yatsu ya same shi, gizo-gizo ya yi masa gida.

Ya ratsa ta gefen keken ɗinkin da aka lulluɓe da buhu, ya tura ƙofar ciki.

Ƙauri ne ya tare shi.

Jakarsa ce a kan gadon Inna, an shimfiɗa mata ɗankwali an ɗora ta kamar jaririya. Rabinta ya narke. A gefe ga katin shaidar aikinsa, wuta ta cinye sunan makarantar ta bar fuskarsa tana murmushi.

Labule ne kawai tsakaninsa da falo. Yana jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa, masu shigowa suna "ya haƙuri", wata murya a dashe tana amsa "da godiya". Sai da aka amsa sau uku ya gane muryar Inna ce.

Aka kira azahar. Matan suka fara fita tsakar gida alwala. Ya matsa bayan sif ya tsaya.

Labule ya motsa. Bahijja ta shigo.

Ba don tafiyarta ba da bai gane ta ba. Babu kwalli, babu ɗan kunne, wani dogon hijabi ruwan toka wanda ba nata ba. An sa ta takaba. Ta shimfiɗa sallaya, ta ɗago za ta gyara hijabin a madubin da ke jikin bango.

Idonsu ya haɗu a cikin madubin.

Ba ta yi ihu nan take ba. Ta lumshe ido, leɓɓanta na motsi, ta sake buɗewa. Yana nan. Ta ja numfashi za ta ƙwala ƙara, ya yi tsalle ya toshe mata baki.

"Ni ne. Bahijja, ni ne. Don girman Allah kar ki yi ƙara."

Ta gantsara masa cizo iya ƙarfinta. Bai saki ba. Jini ya biyo ta tsakanin yatsunsa ya ɗiga kan hijabin.

Ta ƙura wa ɗigon ido. Jikinta ya daina fizga.

Ya janye hannun a hankali.

"Fatalwa ba ta jini," in ji shi da raɗa.

Ta kama hannun da hannu biyu, ta juya shi, ta shinshina, ta danna babban yatsa a kan ciwon har sai da ya ce wash.

"Abban Hanifa?"

"Ni ne."

"An yi maka salla."

"Na ji."

"An kai ka. Zulkiflu ne ya sa ka a rami."

"Ban shiga motar ba, Bahijja. Jakata ce kawai ta shiga."

Ta zame ta zauna a kan sallayar. Ta daɗe tana kallon jakar da ke kan gado, sannan ta yi tambayar da ta sa ɗakin ya ƙara sanyi.

"To wa muka binne?"

Wani bawan Allah ne da ya samu gurbi a mota ya yi murna. Wataƙila a wani gari yanzu haka wata mata tana ta kiran lambar da ba ta shiga.

Ya durƙusa ya gaya mata komai a gurguje: hoton, dattijon, tashar, bukkar gona. Da ya zo kan mai haƙorin Makka sai ta dafe ƙirji.

"Alhaji Suhaibu?"

"Haka ya ce sunansa?"

"Cewa ya yi abokin aikinka ne daga Lokoja. Tun kafin a kawo gawa ya iso. Shi ya kawo buhun shinkafa, shi ya sa aka kafa rumfa. Jiya har Hanifa ya ɗora a cinya."

Kailani ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya.

"Ina take?"

"An kai ta Gyallesu wajen yayata Sumaiya, saboda kuka."

"Me yake tambaya?"

"Wayarka. Wai akwai takardun makaranta a ciki. Kullum sai ya tambaya ko an same ta cikin jaka. Zulkiflu ya ce masa babu, har toka an tona." Ta ƙara rage murya. "Jiya ya ce wai abin mamaki ne, waya ko ta ƙone ai tana barin ƙarfe."

"Bai yarda na mutu ba ke nan."

"Innalillahi."

"Ki saurare ni. Muddin suna zaton ina kabari, ku kun tsira. Ranar da suka san ina numfashi, gidan nan za su fara. Sai na kai hoton nan hannun da ya dace kafin na tashi daga matattu."

"In ci gaba da takaba, mijina na raye?"

"Kwana biyu kawai."

"Inna fa?"

Ya kawar da kai.

"Abban Hanifa, Inna ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar. Ko ruwa sai an yi da gaske." Hawayen da ta riƙe suka zubo. "Ka san me ta yi da aka fito da makara?"

"Me ta yi?"

"Sunanka ta kira."

Nan fa sai na ɗan tsaya, saboda yaran yanzu da iyayensu ke kiran su da suna har da ƙarin na shagwaɓa. Kailani ɗan fari ne, Inna Hajo kuwa ta mutanen da ce. Shekara talatin da tara ba ta taɓa furta sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "Yayansu". In da shi take sai ta ce "kai". Ko wani mai irin sunan aka ambata a rediyo sai ta sunkuyar da kai. Yana yaro har kurumta yake ƙirƙira, ta yi ta "kai, kai" yana jin ta, ko Allah zai sa ta gaji ta kira sunan. Sai dai ta aiko Zulkiflu ya taɓo shi.

"Ta kira?" in ji Kailani.

"Sau uku. Har waje an ji. Tun daga ranar kuma ba ta daina ba, wai me ya rage da za ta ji wa kunya."

An kira sunansa, shi kaɗai ne ba ya wurin. Wannan ya fi labarin mutuwar yi masa ciwo.

"Bahijja, da wa kike magana?"

Labule ya ɗaga.

Inna ta rame har zanen fuskarta ya fito. Buta ce a hannunta. Ta dubi surukarta, ta dubi wanda ke durƙushe a gabanta.

Butar ba ta faɗi ba. Ta sunkuya ta ajiye ta a hankali, ta saki labulen a bayanta, ta tako har inda yake. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ƙafarsa ta duba, ta sa hannu ta taɓa babban yatsan hagu, wanda farcensa ya tsage tun ranar da ya yi tuntuɓe da turmi yana shekara shida.

Ta daɗe riƙe da yatsan.

Sannan ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya masa gefe kamar yadda ta saba tun yana yaro.

"Bahijja."

"Na'am, Inna."

"Ki ba Yayansu ruwa. Leɓensa ya bushe."

Shi ke nan. Iyakar abin da ta ce ke nan. Kailani ya kifa kai a gefen gado yana kuka babu sauti, don ya san a wajen Inna wannan ya fi runguma.

Bahijja ta zubo ruwa a kofi ta ba shi ya shanye, sannan ta yi wa Inna bayani cikin raɗa. Inna na tsaye tana kallon bango har aka gama.

"Mutumin da ya ci tuwona jiya?"

"Shi, Inna."

"Ya ce mini uwarsa ta rasu, in riƙe shi ɗa."

Kailani ya ɗago. "Inna, ki yi haƙuri. Ki koma ki zauna kamar yadda kike. Ko Zulkiflu kar ya sani tukuna, fuskarsa ba ta ɓoye magana."

"Kai, ni ban iya ƙarya ba."

"Ba ƙarya za ki yi ba. Shiru kawai."

"A ce mini Allah ya jiƙanka in ce amin?"

"Rahama ai har mai rai yana so, Inna."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai sallama ta tashi daga tsakar gida. Muryar Zulkiflu ce.

"Inna, ga Alhaji Suhaibu zai koma Lokoja, ya ce sai ya yi miki sallama."

Ana wata ga wata.

Kailani ya dubi ƙofar shago. Tana da ƙara, ɗazu ma muryoyin mata ne suka rufe ta. Yanzu gidan ya yi tsit, kowa na salla. Ya koma bayan sif ya manne da bango. Bahijja ta naɗe gefen hijabin da jini ya ɓata a cikin tafin hannu, suka fita falo ita da Inna.

*

Ta ɗan tsagin da ke tsakanin labule da bango yana ganin rabin falon. Yana ganin ƙafafun Inna a miƙe kan tabarma, da gwiwar farar shadda, da hannu mai jan casbi. Ƙwaya na bugun ƙwaya, ƙas, ƙas, ƙas.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan."



"Amin," in ji Zulkiflu da Bahijja.

"Amin," in ji Inna daga baya.

Muryar mutumin mai taushi ce, irin ta masu wa'azi a rediyo da safe.

"Ai mun yi rashi, Inna. Mutum ne da ba ruwansa. Ya sha ba ni labarinki a ofis."

"Haka Yayansu yake. Ba shi da abokin faɗa."

"Yana yawan kiran ki kuwa in yana hanya?"

"Yayansu ba mai son waya ba ne. Sai dai ya kira matarsa."

"Ranar da abin ya faru fa, bai kira kowa ba?"

"Ni dai Yayansu bai kira ni ba."

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

"Yau kam Alhamdulillahi," in ji Alhaji Suhaibu. "Na ga fuskarki ta ɗan saki. Har murya ta fara dawowa."

"Haƙuri ai dole ne."

"Dole ne. Zulkiflu, ɗazu na ji kana cewa ko ruwa ba ta sha?"

"Wallahi Alhaji, sai fama."

"To ga kofi nan a gefenta, har ta shanye. Madalla."

Kofin da Bahijja ta ɗebo wa Kailani ne, ta fito da shi a hannu ba ta sani ba. Kailani ya ga ƙafar Inna ta ɗan motsa.

"Inna, in yi wata tambaya, ki yafe mini in na yi rashin kunya."

"Ina jin ka."

"Ni mutumin ƙauye ne, kakata ce ta rene ni, na san kunyar ɗan fari. Ranar da aka fito da makara ina tsaye a zaure. Na ji kin kira sunansa, har na zubar da hawaye. Jiya da na shigo gaishe ki, sau biyar kika ambace shi da suna, ina lissafe."

Ya ja ƙwayar casbi ɗaya.

"Yau tun da na zauna, Yayansu, Yayansu, Yayansu."

Ya saki 'yar dariya mara sauti.

"Mu dai a garinmu, uwa ba ta kunyar gawa. Mai rai ake jin kunya."

Zufa ta keto wa Kailani tun daga tsakar ka. Wayyo Inna. Duk abin da aka ce ta yi ta yi, ta zauna, ta ce amin, ta riƙe fuska. Harshenta ne kawai ya koma gidansa na shekara talatin da tara, ba tare da ya yi shawara da ita ba.

"Alhaji, sabo ne," in ji Bahijja da sauri. "Bakinta ne ya saba."

"Sabo ne, Alhaji," Zulkiflu ya ƙara, shi da bai san dawan garin ba. "Inna ai sai a hankali."

"Haka ne. Haka ne." Ƙas. Ƙas. "To Inna, alfarma ɗaya kafin in kama hanya. Malamai sun ce babu abin da ke sanyaya wa mamaci makwanci irin yafiyar uwa. Yau kwana uku. Ki kira shi da sunansa ki ce kin yafe masa, mu shafa, in tafi da wannan a raina."

"Na yafe masa tuntuni."

"Da sunansa, Inna."

"Allah ai ya san wanda nake nufi."

"Ya sani. Amma jiya kin faɗa, me zai hana yau?"

Zulkiflu ya matso. "Inna, ki faɗa mana. Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ki yi wa Yaya wannan."

Kailani ya rufe ido. Ki faɗa, Inna. Kalma ɗaya ce. Ki faɗa ya tashi ya tafi.

Yana jin numfashinta daga inda yake. Ya san abin da ake nema a wajenta: ta kira sunan ɗanta na fari alhali ta san yana tsaye taku huɗu daga inda take, yana ji da kunnensa. Da a ce wuta aka ce ta taka, da tuni ta taka.

A tsakar gida wata ta sallame salla. Wata tattabara ta sauka kan kwano tana tafiya, ana jin faratanta ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta gyara zama. Ta juya fuskarta, ba wajen baƙon ba, ba wajen alƙibla ba. Wajen labule.

Da ta buɗe baki, ba muryar makoki ce ta fito ba. Murya ce ta uwa da ke tsaye a bakin ƙofa da magariba, yara sun watse, nata bai shigo ba.

"Kailani."

Bai taɓa sanin haka sunan yake ba. Ta ja ƙarshensa kaɗan, ta tausasa tsakiyarsa, kamar ta daɗe tana gwada shi a ɓoye. Yaron nan mai ƙirƙirar kurumta, wanda ya shekara talatin da tara yana kasa kunne, bai tsaya neman izinin kowa ba.

"Na'am, Inna."

A fili. Da cikakkiyar muryarsa.

Ya kai hannu bakinsa, amma magana zarar bunu ce.

Zulkiflu ya zabura ya bugi bango yana salati. A tsakar gida wata mata ta saki kwano, wata ta ce, "La'ilaha illallahu, muryar mamacin ce!"

Casbin ya daina ƙara.

Ta tsagin labulen Kailani ya ga hannun ya naɗe casbin a hankali ya sa a aljihu. Bai fito da hannun ba. Gwiwar farar shaddar ta miƙe.

"Masha Allah," in ji Alhaji Suhaibu, muryarsa na nan da taushinta. "Inna, kin haifi ɗan albarka. Ko daga kabari ba ya ƙin amsa kiranki."

Ya tako ɗaya. Ya tako biyu.

Yatsu huɗu suka zagayo gefen labulen.